Sharhi: Kwalbatin Jiya, Ruwan Yau



Kafin injiniya ya yanke faɗin kwalbati ko tsayin gada, abu uku yake aunawa: girman filin da ruwansa ke gangarowa wurin, ƙarfin ruwan da ka iya sauka cikin sa'a guda, da kason da ƙasa ba za ta shanye ba, wanda zai kwarara. Ƙarfin ruwan daga tsohuwar rajista ake ɗauko shi, a ce ga mamakon da ake sa ran gani sau ɗaya cikin shekara 25 ko 50. Duk lissafin ya dogara ne kan zaton damina ba ta sauya hali.

To, ta sauya. Duk ƙarin zafi na digiri 1, iska kan iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa hadari mai tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982.

Amma abin ɗaure kai yana ƙasa. A farin shekarun 1970 da 1980 ruwan sama ya ragu, sai ga kogunan Sirba da Gorouol da Dargol, masu zubawa cikin Kwara kafin ya kai Yamai, suna ƙara cika. Dalili kuwa, itace ya ƙare, ciyawa ta ƙare, gona ta zama faƙo. Manomi ya san faƙo sarai: ruwa ya sauka ya zame ya wuce, ka sa fartanya ka tarar da ƙasa busasshiya ƙamas. Wannan ruwan da ke zamewa ne ke isa Yamai a Agusta da Satumba, shi ne kuma ya mamaye unguwannin bakin kogi a 2020. A birane siminti da kwalta ke yin aikin faƙo, ga leda ta toshe kwata, ita kuwa ba ta cikin lissafin kowa.

A ganina, kafin a ƙara zuba kankare sai a gyara awon ruwan. Mazubin da ake dubawa sau ɗaya da safe zai gaya maka milimita 80 sun sauka jiya. Ba zai ce cikin awa shida ne ko minti 40 ba, alhali wannan ne zai nuna ko kwalbatin zai ɗauka ko hanya za ta yanke.