Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Kiwon Lafiya na Nijar

Ranka ya daɗe,

Daga Birnin Ƙonni nake rubuto maka a kan ledar ƙarin ruwa da kwalbar allura.

Da an ce mugun magani, hankalinmu kan tafi ga na jabu, kuma muna da dalili, tunda a annobar sanƙarau ta 1995 dubban 'yan Nijar aka yi wa rigakafin bogi. To amma akwai wanda kwalinsa lafiya lau, wa'adinsa bai ƙare ba, ruwansa garau, alhali ƙwayoyin cuta sun shige shi tun a masana'anta, ko ta wata 'yar huda da ido ba ya gani. Wasu ƙwayoyin ko sun mutu, dafin da ke ɓawonsu na nan daram, tafasa ba ta kashe shi. In ya bi jijiya, kafin sa'a biyu yaro ya kama makyarkyata, haƙora na kaɗawa, jiki ya ɗau zafi rau. Uwa ta cire mayafinta ta lulluɓe shi, a ce masassarar ce ta dawo, a cire ledar a jefa a shara, tare da lambar da za ta nuna inda aka yi ta. Gobe a ɗaura wa wani 'yar'uwarta daga kwali guda.

A 2022, a Sana'a ta ƙasar Yaman, yara aƙalla 10 masu sankarar jini suka rasu bayan an yi musu gurɓatacciyar allura da ta shigo ta ɓarauniyar hanya. Mu da ke bakin iyaka mun san irin wannan hanya. Kwalaye na tsallakowa a bayan kabu-kabu, su wuni a rumfa cikin zafin bazara, su bazu har ƙauyukan Malbaza da Illela.

Roƙona, ranka ya daɗe, a umarci kowace likita, daga asibitin gunduma har na ƙauye, ta riƙa adana ledar duk wanda ya yi makyarkyata ana cikin ƙara masa ruwa, a rubuta lambarta, a tsayar da sauran kwalin. A tura ta ɗakin binciken LANSPEX a Yamai a auna dafin, sakamako ya dawo cikin kwanaki. Ma'aikatan binciken su ma su riƙa zuwa kasuwanninmu suna ɗibar samfuri ba tare da sanarwa ba.

Sannan a cika farmasin gwamnati da kaya. Uban da aka miƙa wa takardar magani da tsakar dare aka ce babu, rumfar kasuwa zai nufa, kuma ban ga laifinsa ba.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Ƙonni