Tsakanin "haka aka saba" da "haka doka ta ce"

A ofisoshin gwamnatin tarayya da ke Abuja, tun daga Sakatariyar Tarayya har zuwa hukumomin da ke warwatse a Garki da Wuse da Maitama, akwai wata 'yar jimla da ta fi takardar umarni ƙarfi: "haka aka saba yi." Da ita ake rufe bakin sabon ma'aikaci idan ya cika tambaya, da ita ake sallamar ɗan fanshon da ya zo bin sawun takardarsa, da ita kuma ake kare abin da babu mai iya nuna inda aka rubuta shi. Tunda kalma ɗaya ta ɗauki wannan nauyi, ya dace a tsaya a dube ta, ita da 'yan uwanta.

Hausa ba ta da talaucin kalmomin da ke nuna abin da ke maimaituwa. "Al'ada" aro ce daga Larabci, kuma tushenta yana nufin komowa, wato abin da jama'a ke dawowa gare shi har ya zama nasu. "Ɗabi'a" ita ma daga Larabci take, tana nuni ga abin da aka ginu a kansa. "Hali" shi ne wanda Bahaushe ya kira zanen dutse, saboda wuyar gogewa. "Sabo" kuwa ya fi su duka sauƙin samuwa: yawan haɗuwa da abu ne har ido ya daina ganin baƙuncinsa. Ana sabawa da alheri, ana sabawa da cuta. Saboda haka wanda ya ce "an saba" labarin abin da ke faruwa kawai ya bayar, bai ce komai game da dacewarsa ba. Kalmar da ke ɗauke da wannan hukunci ita ce "ƙa'ida", wadda asalinta ke nufin harsashin gini. Ƙa'idar aiki ita ce shiga ofis ƙarfe takwas na safe da tashi ƙarfe huɗu na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Isowa ƙarfe goma sabo ne, ko da ya shekara ashirin ana yin sa.

Abin ya fi tsanani a rubuce, domin tazarar da ke tsakanin "saba" da "saɓa" lanƙwasa ɗaya ce a kan harafi. Yawancin hadiman da ke tura sanarwa ta WhatsApp ko Facebook ba sa sa haruffa masu ƙugiya. Idan aka rubuta cewa "daraktan ya saba da umarnin minista", mai karatu na iya fahimtar cewa mutumin ya san umarnin ciki da bai, wani kuma ya fahimci cewa ya yi masa karan tsaye. Karatu na farko yabo ne, na biyu kuwa zargi ne da kan kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa. Haka "sabo" da "saɓo". Madannin Hausa yana nan kyauta a wayoyin zamani, don haka uzurin ya ƙare.

Sai kuma "kan", ƙaramar kalmar da Hausa ke nuna al'adar aiki da ita. A daidaitacciyar Hausa haɗe ake rubuta ta da wakilin suna: nakan, yakan, sukan, akan. Wadda ake rabawa ita ce "a kan" mai nufin bisa ko game da. "Akan biya albashi a ƙarshen wata" daban, "taro a kan biyan albashi" daban. Amma muhimmin abin ya wuce ƙa'idar rubutu. "Kan" tana da sako-sako a cikinta. Idan aka ce wane "yakan zo ofis", kowane Bahaushe ya ji cewa akwai ranakun da ba a ganinsa. Tana siffanta abin da aka lura da shi, ba ta ɗaure kowa. Kalmar da ke ɗora aiki mai ɗorewa a wuyan mutum ita ce "riƙa" ko "dinga": "a riƙa miƙa rahoto duk ranar Litinin." Takardar umarnin da aka fassara da "akan miƙa rahoto" ta tashi daga umarni ta koma labari.

Kalmomin yawan aukuwa su ma suna da matakala. A sama akwai "kullum", wadda masana ke danganta asalinta da kalmomin Larabci biyu masu nufin kowace rana. Ƙasa da ita akwai "a kai a kai", sai "sau da yawa", sai "lokaci-lokaci", sai "jefi-jefi", har a sauko kan "ba kasafai ba". In ban da "kullum", babu wadda ke ɗauke da adadi. Ita kuwa doka da adadi take magana. Sashe na 173 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan tarayya duk shekara biyar, ko tare da sake duba albashi, duk wanda ya riga zuwa. Jadawali na biyar na tsarin mulkin ya wajabta wa jami'in gwamnati bayyana kadarorinsa idan ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da kuma ƙarshen wa'adinsa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar mai nema. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024, wadda ta kai shi naira 70,000, ta rage wa'adin sake dubawa daga shekara biyar zuwa uku.

Duk inda hadimi ya rubuta cewa "gwamnati takan duba fansho lokaci-lokaci", ya mayar da haƙƙi ya zama alfarma. Tsohon malamin da ke sauraron labarai a Gusau ko Azare ba zai san cewa akwai ranar da bashin ya nuna ba, balle ya ƙirga shekarun da aka tsallake. Shi ma mai rubutun zai kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, ya koma layin masu jiran wannan "lokaci-lokaci" da ya rubuta da hannunsa.

"Yau da kullum" ta cancanci kulawa ta musamman, domin da ita ake fassara rabin kasafin kuɗi: kuɗin ayyukan yau da kullum, kishiyar na manyan ayyuka. Fassarar ta yi daidai, sai dai tana da illar da ba a cika lura da ita ba. Abin da aka kira na yau da kullum ido ba ya tsayawa a kansa. A cikin wannan rukuni ne albashi yake, kuma a cikin takardun albashi ne ma'aikatan bogi suka daɗe suna kwana, abin da ya sa aka ɓullo da tsarin IPPIS a 2007. Kuɗin tafiye-tafiye da na man janareta da na walimar taro duk a nan suke shigewa. Takwararta "yau da gobe", ko da yake wasu na musanya su, ta fi nuni ga tarin kwanaki da abin da suke haifarwa, shi ya sa aka ce yau da gobe ba ta bar komai ba. Ƙaramin kashin da aka bari ya wuce yau da kullum shi ne giɓin da ke bayyana yau da gobe.

Tarihin kasafin kansa ya nuna cewa sabo na karyewa, kuma yana iya komowa. An shafe shekaru ana sa hannu a kasafi bayan shekara ta yi nisa, har aka ɗauka ba a iya yin sa da wuri. Ranar 17 ga Disamba, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kasafin 2020, aka koma tsarin Janairu zuwa Disamba. Bayan 'yan shekaru kuma sai tsawaita wa'adin ɓangaren manyan ayyuka ya fara zama labarin da kunne ya saba ji. Daga ranar da aka fara cewa "akan tsawaita", an buɗe ƙofar ɗaukarsa a matsayin tsari.

Masu kare sabo suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Babu littafin ƙa'ida da ya ƙunshi komai. Yadda ake bin fayil, da wanda ake fara sanarwa, da yadda ake rubuta wa na gaba cikin ladabi, duk a bakin tsofaffin ma'aikata ake koyonsu, kuma ofis ba ya tafiya sai da su. Malaman fiƙihu ma sun yarda cewa ana hukunci da al'ada, amma sun gindaya sharaɗin kada ta ci karo da nassi. Wannan ma'auni ya isa aikin gwamnati: inda doka ta yi shiru, al'ada ta yi jagora, inda doka ta yi magana, al'ada ta ja da baya. Wanda ya riƙe sabo bayan an nuna masa rubutacciyar ƙa'ida, shi ne wanda aka yi wa karin maganar nan, sabo turken wawa.

Gyaran bai buƙatar kwamiti ko kasafi. Mai rubuta sanarwa ya sa wa harafi ƙugiyarsa. Ya ajiye "akan" don siffanta abin da ke faruwa, ya ɗauko "a riƙa" ko "wajibi ne" inda ake ba da umarni. Inda doka ta ambaci kwanaki ko shekaru, ya rubuta adadin yadda yake. Shi kuma ma'aikacin da aka ce wa "haka aka saba", yana da damar tambaya cikin ladabi: a wane sashe na Dokokin Aikin Gwamnati aka rubuta? Sabon bugun dokokin ya fara aiki tun watan Yuli na 2023, kuma ya kamata a same shi a teburin kowane shugaban sashe. Idan an nuna masa sashen, ya bi. Idan ba a nuna ba, ya nemi a ba shi umarnin a rubuce kafin ya sa hannu.