Ra'ayinmu: Wasan Talabijin Alkawari Ne, Kyansa Cikawa

Ran 19 ga watan Mayu na 2019 ne gidan talabijin na HBO da ke Amurka ya nuna kashi na ƙarshe na wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da ake kira Game of Thrones. A wannan dare mutum miliyan 19 da ɗoriya suka kalle shi a Amurka kaɗai, adadin da gidan bai taɓa samu ba a kan wani shiri kafin wannan rana. Amma tun ba a kai daren ba, mutum fiye da miliyan ɗaya sun riga sun sa hannu a wata takardar koke ta intanet, suna neman a soke zangon ƙarshen ɗungum, a nemo ƙwararrun marubuta su sake shi. Masu sharhi a jaridu kuwa, waɗanda suka yi shekaru suna yabon wasan, da yawansu suka fito suka ce ya ba da kunya.

Wannan al'amari ya faru nesa da mu, kuma wasan na ɗauke da abubuwa da dama da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Ba yabonsa ne ya kawo mu ba. Mun ɗauko shi ne domin ya nuna a fili abin da ke sa shiri ya faɗi a idon masana, kuma Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Da farko dai, rashin kuɗi bai shiga cikin maganar ba. An ba da rahoton cewa kowane kashi na zangon ƙarshe ya ci kimanin dala miliyan 15. Akwai dawaki, akwai mayaƙa, akwai ƙwararrun masu ɗaukar hoto da 'yan wasan da duniya ta san da zamansu. Duk abin da kuɗi ke iya saye an saya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labari.

An gina wasan ne a kan littattafan wani marubuci Ba'amurke mai suna George Martin. Na farkonsu ya fito a 1996, na biyar a 2011, watau shekarar da aka fara nuna wasan, kuma har aka kammala shi a 2019 na shida bai fito ba. Saboda haka tun daga wajen zango na shida, a 2016, masu shirya wasan, David Benioff da D. B. Weiss, suka wuce inda littafi ya tsaya, suka shiga tafiya ba ja-gora. Sa'an nan sai gaggawa ta biyo baya. Zango shida na farko kowanne kashi 10 ne. Na bakwai aka mai da shi kashi 7, na takwas kashi 6, alhali shi marubucin littattafan ya sha faɗi cewa akwai labarin da zai isa a yi zango 10 ko fiye.

Sakamakon wannan gaggawa bai ɓuya ba. Rundunar matattu da aka shekara bakwai ana tsoratar da masu kallo da ita, a kashi ɗaya aka gama da ita, a wani yaƙin dare da mutane da yawa suka yi kukan ba su ga abin da ke faruwa ba don tsananin duhu. Sarauniya Daenerys, wadda aka daɗe ana nuna ta tana 'yanta bayi, sai ga ta ta ƙone birni da mata da yara bayan mutanensa sun riga sun miƙa wuya. Masu sharhi ba su ce mutumin kirki ba ya lalacewa ba, domin kuwa tarihi cike yake da shugabannin da mulki ya juya wa hali. Abin da suka ce shi ne ba a nuna musu matakan lalacewar yadda hankali zai ɗauka ba. An kai su masauki ba tare da an bi da su ta hanya ba. Har wani kofin gahawa na zamani aka manta a kan tebur a kashi na huɗu, cikin labarin da ake cewa na zamanin takobi ne. Wannan ƙaramin abu ne, amma mutane sun ɗauke shi alamar cewa hankalin masu aikin ya riga ya yi gaba.

A nan ne ya kamata a gane bambancin ma'aunin mai sharhi da na mai talla. Mai talla yawan kawuna yake ƙirgawa, kuma ta wannan fuska wasan ya ci riba, har ma ya sake lashe lambar Emmy ta wasan da ya fi fice a 2019. Mai sharhi kuwa tambaya ɗaya yake yi: shin abin da aka yi mini alkawari a kashi na farko an cika shi a kashi na ƙarshe? Duk wanda ya fara ba da labari ya ɗauki bashi. Ya ce ga wane, ga halinsa, ga abin da yake nema, ga abin da ya tare masa hanya. Mai kallo ya ba da lokacinsa mako-mako a kan amanar cewa za a biya shi da ƙarshen da ya tsiro daga cikin labarin. Kakanninmu mata da ke yi wa jikoki tatsuniya da dare sun san wannan ƙa'ida sarai: ba a buɗe baki a fara ba da labarin Gizo sai an san inda wayonsa zai kai shi.

Wannan cuta ba sabuwa ba ce. A 1985 masu shirya wasan Dallas na Amurka suka kashe ɗaya daga cikin taurarinsa, Bobby Ewing, domin ɗan wasan da ke fitowa a matsayinsa ya bar aiki. Da ya amince ya komo a 1986, sai aka ce wa masu kallo ai duk abin da suka gani cikin shekara guda mafarki ne wata mace a cikin wasan ta yi. Har yau ana ba da misali da wannan a matsayin raina wa mai kallo hankali. A can larurar kasuwa ce ta tuƙa labari, a nan kuma gaggawa, amma laifin ɗaya ne.

To, ina mu a cikin wannan magana? Tun 1962 aka buɗe gidan talabijin a Kaduna, kuma a 1977 aka kafa hukumar NTA ta haɗe gidajen talabijin na ƙasa. Waɗanda suka yi wayo a wancan zamani ba za su manta da Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi ba, ko marigayi Ƙasimu Yero, ko Karkuzu na Jos. Kayan aikinsu ba su taka kara sun karya ba, amma jama'a kan yi dafifi a gidan mai akwati ɗaya a unguwa don su gan su. Sirrin shi ne kowa ya san halin Samanja, kuma ba ya sauya shi don ya gamshi wani. Yawancin wasannin nan ba su dogara ga rubutu kalma bayan kalma ba. A kan ba ɗan wasa ƙashin labari ya sa masa tsoka da basirarsa. Hakan ya yiwu ne domin kowane kashi labari ne mai zaman kansa, a fara shi a gama shi a zama ɗaya. Da aka zo kuma mai da Magana Jari Ce wasan talabijin, ai kammalallen littafin Abubakar Imam aka ɗauko, mai farko da tsakiya da ƙarshe.

Yau zamani ya sauya. Tun da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, da kuma bunƙasar YouTube, wasa mai dogon zango ya zama ruwan dare, kuma shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina sun nuna cewa Bahaushe na iya riƙe mai kallo shekara da shekaru. Wannan abin yabo ne, ya kuma samar wa matasa da yawa abin yi. Haɗarin da muke hange shi ne a ɗauko al'adar wasan zama ɗaya a ɗora wa labarin da zai yi kashi 100. Basirar ɗan wasa na iya ceton rabin sa'a, amma ba ta iya riƙe zaren labari shekara uku. Har ila yau, tun da kuɗin talla na biyo yawan kallo ne, akwai jarabar a yi ta jan labari muddin ana kallo. Daga nan ake samun maimaita abin da aka riga aka nuna, da kukan da ba ya ƙarewa, da mutumin da za a tura ƙasar waje ko a kashe shi ba dalili sai don ɗan wasan ya saɓa da mai shiri. Turawan can sun datse labarinsu bai nuna ba. Mu abin tsoronmu shi ne mu bar namu a kan wuta har ya kama. Duka biyun saɓa alkawari ne.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun watsa labarai na jihohi da shugabannin gidajen talabijin na gwamnati da su sake duba yadda suke kashe ɗan abin da ake ware musu. Kullum maganar sayen na'ura ake yi, ba a cika jin an ware kuɗin marubuci ba. Kamata ya yi kada wani jami'i ya sa hannu a biya kuɗin shiri sai an ajiye masa labarin a rubuce har ƙarshensa, an faɗi kashi nawa zai yi, an kuma ƙulla yarjejeniya da manyan 'yan wasa har ranar gamawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan dukiyar jama'a ce, kuma ma'aikacin da ba zai yarda a fara ginin ofis ba tare da zane ba, bai kamata ya yarda a fara wasa ba tare da rubutu ba.

Ga ɗalibai kuma, musamman masu nazarin harshe da adabi da wasan kwaikwayo a jami'o'inmu irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, ga fili nan a buɗe. Ƙasar nan na bukatar marubutan wasa, tana kuma bukatar masu sharhi na gaskiya. Sharhi ba zagi ba ne, ba kuma tonon asirin 'yan wasa ba. Mai sharhi na ƙwarai ya kalli aikin tun daga farko, ya faɗi inda ya yi kyau, ya nuna inda zare ya tsinke, ya kawo hujja. Su kuma masu shirya wasanni su daina kiran duk wanda ya yi musu gyara mahassadi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma wanda ya ɓata lokacinsa ya nuna maka kuskurenka ya fi ƙaunarka da wanda ya kashe akwatinsa ya yi shiru.

Talabijin na shiga ɗakin da malami da alƙali ba sa shiga, kuma abin da yara suka saba gani shi za su ɗauka mizanin aiki mai kyau. In muka saba musu da labarin da aka fara ba a san inda za shi ba, kada mu yi mamaki in sun girma suna yin aikin hukuma haka nan. Mu dai a namu ra'ayin, duk mai niyyar tara jama'a a gaban akwati, to, ya fara sanin ƙarshen maganarsa kafin ya nemi a saurare shi. Allah Ya sa a gyara.