Tambaya Kafin Shafewa Ba Ɓata Lokaci Ba Ce

A tsarin kwamfuta na Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Amurka a 1969, akwai wani ɗan gajeren umarni, rm, mai shafe fayil. Abin da ya shafe ba ya faɗawa kwandon shara. Kamar ruwan madatsar Bakolori ne, in an buɗe masa ƙofa ya tafi ke nan.

In ka rubuta rm kawai, ba ya tambayarka kome, sai fa in an hana rubutu a kan fayil ɗin. In ka ƙara -i, sai ya tambaye ka a kan kowane fayil. In kuwa -f ka ƙara, ko uffan ba zai ce ba. Abin mamaki kuma, izinin shafewa a jikin jakar da ke ɗauke da fayil yake. Mai mabuɗin rumbu yana iya fitar da damin da ba nasa ba.

Waɗansu suna cewa gwani ba ya bukatar tambaya. Ni ban yarda ba. A 1998, a kamfanin Pixar inda gwanaye suka taru, umarnin nan ya shafe mafi yawan fim ɗin Toy Story 2. Kwafin da wata ma'aikaciya ta ajiye a gida shi ya cece su.

Saboda haka shawarata ita ce mu riƙa amfani da -i, mu ajiye kwafi, malamai kuma su ba kowane ɗalibi izini a jakarsa kaɗai. Da na sani ƙeya ce.