Kowa da Tukunyarsa a Gidan Linux

Kwamfutar da nake yanka muryoyi da ita a ɗakin shirye-shirye tsohuwa ce, kuma Linux ke cikinta, don tasharmu ba ta da kuɗin lasisi. Saboda haka ɗan gida ne ke wannan ƙorafi.

Tun 1987 ake aiki da X11, tsarin da ke zana tagogi a kan allo. Ya tsufa, babu mai musu. A 2008 Kristian Høgsberg ya fara Wayland domin ya gaje shi. Sai dai Wayland ƙa'ida ce kawai. Kowace ƙungiya ita za ta ƙera injin da zai bi ta. GNOME na da Mutter, KDE na da KWin, masu Sway suka fito da wlroots. Hyprland ta jingina da wlroots ɗin, a 2024 ta yi masa sallama ta rubuta nata. System76 kuma ta kama Smithay da harshen Rust. A zamanin X11 kusan kowa a kan Xorg yake zaune, a gyara matsala sau ɗaya kowa ya huta. Yanzu sai a gyara ta sau biyar, ko a gyara sau biyu a manta da sauran.

An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ai sai in tukunyar ɗaya ce!

Ku dubi Canonical. A 2013 ta ce Wayland bai yi mata ba, ta ɓullo da Mir. Aka yi ta zuba ƙwararru da kuɗi, ana cacar baki. A 2017 Mark Shuttleworth ya sanar an jingine Unity 8, Ubuntu ta koma GNOME. Mir ɗin ma yau ƙa'idar Wayland yake bi. Shekara huɗu don a dawo inda aka tashi.

Har maɓallin rufe taga an kasa daidaitawa a kai. KWin zai zana maka shi, Mutter ya ce kowace manhaja ta zana nata. Sai da aka rubuta wata manhajar daban, libdecor, don toshe wannan ɓarakar.

Na san amsarsu: ƴanci ne, aikin sa-kai ne, wanda bai ji daɗi ba ya rubuta nasa. Na yarda ba wanda nake bi bashi. Amma da yawansu albashi suke karɓa daga kamfanoni, kuma su ne ke shelar cewa wannan tsari na talakan duniya ne. To ga talakan. Da can, ƴan layuka a xmodmap sun isa ka ɗora ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a maɓallan da kake so, dabarar ta yi aiki a kowane tebur. A Wayland xmodmap ba ya cin kasuwa, kuma kowane tebur da inda ya ɓoye saitinsa. In mai sauraro ya bugo waya daga Damagaram yana tambayar yadda zai rubuta "ƙasa" ba "kasa" ba, dole in fara tambayarsa wane tebur yake kai. Yawanci bai sani ba, kuma katinsa na ƙarewa.