Littafinmu Ya Tsaya A 1932

'Yan'uwana ɗalibai, ku buɗe littafin kimiyya ku duba babin ƙwayar zarra. Abu uku aka ce suna cikinta: furoton, niyutaron da ilektaron. Mu haddace, mu zuba a jarrabawa, shi ke nan. Ni kuwa ina ganin an yanke mana labarin a daidai inda ya fara daɗi.

Thomson ya gano ilektaron a 1897, Chadwick ya gano niyutaron a 1932. A nan littafinmu ya ja birki. Lokacin yawancin kakanninmu ma ba a haife su ba!

Masana dai ba su tsaya ba. A 1964 wani Ba'amurke, Gell-Mann, ya ce furoton ɗin ma ba shi ne ƙarshe ba, akwai wasu 'yan mitsi-mitsi guda uku a cikinsa, ya sa musu suna kwak. Yau an san kwak iri shida. Da su, da ilektaron da danginsa, aka gina babban bayanin da ake kira Daidaitaccen Tsari. Cikin maginansa har da Abdus Salam, ɗan Pakistan, wanda ya ci kyautar Nobel a 1979 tare da Glashow da Weinberg. Mu nawa muka taɓa jin sunansa a aji?

Wanda ya fi burge ni shi ne Peter Higgs na Birtaniya. Shi ma a 1964 lissafinsa ya nuna masa akwai wata ƙwaya da ba wanda ya taɓa gani. Shekara 48 yana jira. Sai da cibiyar CERN ta yi ta gwara furoton da furoton a wani rami mai zagaye, kilomita 27, ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan, sannan aka sanar da gano ta ranar 4 ga Yuli, 2012. Tsohon yana zaune a zauren, har da share hawaye.

Wani zai ce ai wannan ba ya fitowa a jarrabawa, kuma ba mu da kayan gwaji. Gaskiya ne. Amma ba da labari ba ya bukatar janareta. Malamanmu, don Allah ku ba mu minti goma a ƙarshen babin. Ku gaya mana har da abin da ya gagari Tsarin: har yau bai iya bayanin ƙarfin da ke jawo mangwaro ƙasa ba.