Digirin Aikin Jarida da Sadarwa: Jami'a Tana Ƙofar Gidanmu, Amma Makullin Yana Ajin Lissafi



Titin Accra ne kawai ya raba Ayigya da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wato KNUST, wadda aka buɗe a matsayin kwaleji a 1952, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. Kullum da safe muna ganin ɗalibai daga sassan Ghana suna tsallakawa a Tech Junction. Wasunsu a unguwarmu suke haya, a wajen iyayenmu mata suke sayen koko da ƙosai. Duk lokacin da aka fara sayar da fom ɗin shiga jami'a, sai mu ji samari da 'yan matan Zango suna cewa aikin jarida za su karanta. Buri ne mai kyau, kuma al'ummarmu tana bukatarsa. Sai dai da yawa ba sa sanin abin da ake nema sai bayan ƙofa ta rufe. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu baje maganar a faifai, domin iyaye da ɗalibai da limamai.

Me ya sa abin ya dame mu?

Ba mu manta da watan Yulin 2018 ba, lokacin da 'yan sanda suka harbe mutum bakwai daga Zangon Asawase a yankin Manso Nkwanta. Labarin farko da ya zagaya ƙasa shi ne 'yan fashi ne. Sai da jama'a suka tashi tsaye, gwamnati ta kafa kwamitin bincike, kwamitin kuma ya ce bai samu hujjar da ke nuna su 'yan fashi ba ne. Tsakanin labarin farko da rahoton kwamiti an ɗauki watanni, iyalai suna ɗauke da gawa suna kuma ɗauke da baƙin suna. Haka a 2021, da maganar hana ɗalibai Musulmi azumi a makarantar Wesley Girls ta Cape Coast ta taso, an yi makonni ana muhawara a rediyo da talabijin a kan addininmu. Duk wanda ya saurara ya ga bambancin wanda ya san yadda ake tsara hujja a gaban makirifo da wanda ya zo da ɓacin rai kawai.

Darasin a fili yake. Idan ba mu da masu rubuta labari, da masu tace shi, da masu yanke shawarar wanda za a sa a kan gaba, to wasu ne za su ba da labarinmu, kuma da idonsu za su ba da shi.

Wace sadarwa ake nufi?

Kuskuren farko daga suna yake farawa. A KNUST kaɗai akwai karatu uku da Bahaushe zai iya kiran kowannensu sadarwa, alhali hanyarsu daban. Akwai wanda a fom ake rubuta shi Media and Communication Studies, shi ne na aikin jarida, rediyo, talabijin da hulɗa da jama'a. Akwai Communication Design, wanda ya shafi zane, hoto da tsara tallace-tallace, kuma ya fi dacewa da wanda ya yi fannin zane a sakandare. Sannan akwai Telecommunication Engineering, injiniyancin wayar tarho da intanet, wanda ba a shigarsa sai da lissafi mai zurfi da darussan kimiyya. Yaron da ya bar wani ya cika masa fom a shagon intanet ba tare da ya karanta ba, yana iya tsintar kansa a layin da ba nasa ba.

Ba KNUST ce kaɗai hanya ba. A Accra akwai UniMAC, jami'ar da dokar majalisa ta 2020 ta samar ta hanyar haɗe makarantu uku: Makarantar Koyon Aikin Jarida ta Ghana da Kwame Nkrumah ya kafa a 1959, da makarantar fim da talabijin ta NAFTI, da Cibiyar Harsuna ta Ghana. Jami'ar Cape Coast da Jami'ar Ilimi ta Winneba su ma suna koyar da wannan fanni, haka Kwalejin Jami'ar Musulunci da ke Accra. Kafin a biya ko sisi ga wata makaranta, musamman mai zaman kanta, a duba ko hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu ta amince da makarantar da kuma shi kansa kwas ɗin.

Sharuɗɗan shiga

Ƙa'idar da jami'o'in Ghana suka ginu a kanta ita ce darussa shida a jarrabawar WASSCE, kowanne daga A1 zuwa C6. Uku daga darussan dole ne: Turanci, lissafi, sai kimiyya ko darasin zamantakewa, gwargwadon tsarin jami'ar. Sauran ukun daga darussan zaɓi. Wanda ya samu D7 a lissafi ko Turanci, ko da ya ci A1 a sauran, ba ya cikin lissafin masu neman digiri kai tsaye.

Sannan ana tara makin darussan shidan. A nan ƙaramin adadi shi ne babba: wanda ya ci A1 a duka yana da 6. Cika ƙa'idar C6 ba ta nufin an samu gurbi. Kowace shekara jami'a tana yanke iyakar da za ta tsaya, bisa yawan masu nema da yawan kujeru. Don haka iyakar bara ba alkawari ba ce ga bana, kuma takardar da jami'ar ta fitar a wannan shekarar ita ce abin dogaro, ba abin da aboki ya turo a WhatsApp ba.

A nan ne labarin da ya girgiza ƙasa ya shafe mu. Sakamakon WASSCE na 2025 da hukumar WAEC ta fitar ya nuna kashi 48.73 cikin ɗari ne kawai suka samu A1 zuwa C6 a lissafi, alhali a 2024 kashi 66.86 ne. Ma'ana fiye da rabin waɗanda suka rubuta sun tsaya a bakin ƙofa saboda darasi ɗaya. An yi ta jayayya a kan dalili, wasu suna ɗora laifin a kan koyarwa, wasu suna cewa tsananta sa ido ne ya hana satar amsa. Ko wanne ne gaskiya, sakamakon ɗaya ne ga yaron Zango mai zaƙin baki, wanda kowa ke cewa an haife shi domin rediyo: bakinsa ba zai shigar da shi jami'a ba idan lissafi ya kayar da shi.

Wanda ya faɗi kada ya yanke ƙauna. Akwai jarrabawar masu zaman kansu da aka fi sani da Nov/Dec, kuma daga 2025 WAEC ta ƙara wani zagaye a farkon shekara. Akwai hanyar difloma, wadda daga baya ake ɗorawa a kai zuwa digiri. Akwai kuma hanyar manya ga wanda ya kai shekara 25, inda ake rubuta jarrabawar shiga ta jami'ar. Wannan ta ƙarshe ta dace da 'yan uwanmu da suka daɗe suna gabatar da shiri a rediyo ko suna ɗaukar wa'azi a bidiyo ba tare da takarda ba.

Me ake karantawa a ciki?

Digirin shekara huɗu ne, bayansa kuma shekara ɗaya ta hidimar ƙasa. Wanda ya shiga da tunanin zama a gaban kyamara daga ranar farko zai sha mamaki. Shekarun farko rubutu ne da karatu: yadda ake gina labari, tarihin kafafen watsa labarai, nazarin yadda saƙo yake tasiri a kan jama'a. Daga nan sai dokokin aikin jarida da ɗa'arsa, da hanyoyin bincike, inda lissafin da aka guje wa yake sake dawowa da sunan ƙididdiga. A shekarun ƙarshe ɗalibi yake karkata zuwa jarida, ko rediyo da talabijin, ko hulɗa da jama'a da talla. Zai je koyon aiki a wata kafa, sannan ya rufe da aikin bincike na kammalawa.

Ɓangaren doka ba abin wasa ba ne. Tsarin mulkin 1992 ya keɓe babi na 12 ga 'yancin kafafen watsa labarai, ya kuma samar da Hukumar Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa. A 2001 aka soke dokar da ke ɗaure ɗan jarida saboda ɓata suna, amma har gobe ana iya kai shi kotu a nemi diyya. A 2019 aka samu dokar 'yancin samun bayanai. Ɗan jaridar da ya san wannan doka zai iya rubuta wa majalisar Oforikrom ko Asusun Raya Zango ya nemi bayanin kuɗin magudanar ruwa ko ginin aji. Wannan ya fi ihun awa guda a rediyo amfani.

Abin da iyaye ke tsoro

Iyaye suna da hujja idan suka yi ɗari-ɗari. Albashin farawa a gidajen rediyo da yawa ba shi da kauri. Ga kuma al'adar ambulan da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro, wadda a nan ake kira soli, kuma mumini ya san hatsarin kuɗin da ke saye masa harshe. Aikin yana da haɗari: a Janairun 2019 aka harbe Ahmed Hussein-Suale, ɗan jarida mai bincike, a Madina da ke Accra. Allah Ya jiƙansa. Wasu kuma suna tambaya, tunda yau kowa da waya a hannunsa yana watsa labari, mene ne amfanin ɓata shekara huɗu?

Amsarmu ita ce yawan masu watsa labari shi ne ya ƙara tsadar mai tantance shi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci. Malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna bin diddigin wane ya ji daga wane. Yaron da ya tashi a makarantar allo da Islamiyya ya riga ya san cewa magana ba ta tsayawa sai da madogara. Ga shi da Hausa, ga Twi, ga Turanci, wani har da Larabci. Gidan rediyon ƙasa na GBC yana da shirye-shiryen Hausa, a nan Kumasi ga Zuria FM, ga sassan Hausa na BBC da DW da RFI. Kuma digirin bai tsaya a ɗakin labarai ba: asibitoci, bankuna, ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji duk suna ɗaukar jami'an hulɗa da jama'a. 'Ya'yanmu mata ma suna da wuri a ciki da hijabinsu, domin akwai damuwar matan Zango da ba za su faɗa wa namiji ba.

Abin da ya rage mana

Na farko, shiri daga aji uku na ƙaramar sakandare yake farawa, lokacin zaɓen makaranta da fanni. Iyaye su zauna da malamai kafin a cika takardar. Na biyu, masallatanmu da ke da fili tsakanin Azahar da La'asar a ranakun hutu su buɗe ajin lissafi da Turanci. Ɗalibai Musulmi na KNUST, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta GMSA, maƙwabtanmu ne, kuma neman taimakonsu bai fi tsallaka titi ba. Na uku, tun 2017 sakandare kyauta ce, a 2025 kuma gwamnatin Shugaba John Mahama ta fara ɗaukar kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantun gwamnati. Amma kuɗin fom, da na sake jarrabawa, da kwamfuta, da na shekaru ukun da suka rage, suna wuyan iyaye. Kwamitin masallaci zai iya ware wani abu daga sadakar Juma'a domin wannan, a rubuce, a kuma karanta wa jama'a lissafinsa. Ɗan Ayigya yana da sauƙin da ɗan Bawku ko Wa ba shi da shi, domin daga ɗakin mahaifiyarsa zai iya zuwa lacca da ƙafa.

Ga ɗalibai kuma, ku fara tun yanzu. Ku rubuta labarin abin da ya faru a layinku cikin jimla goma, ku tambayi ɓangarori biyu kafin ku rubuta, ku ba malami ya gyara. Sannan ku koma kan littafin lissafi.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga ƙarya da ƙazafi. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.